Sai-Na-Gani da Allurar Tsohuwar Tifa

Yayana bakanike ne, kuma duk layin gareji babu mai kiransa da sunan da iyayenmu suka raɗa masa. Sai-Na-Gani ake ce masa. Ni da muka fito ciki ɗaya zan iya rantsuwa sunan bai zalunce shi ba. Tun muna yara, in Inna ta leƙo ta ce a kwashe shanya an fara yayyafi, mu duk sai mu zabura, shi kuwa sai ya fara miƙa hannu ta taga tukuna. Ranar da matarsa ta haihu aka fito aka ce masa namiji ne, bai ko yi murmushi ba sai da aka buɗe masa zanen jaririn. Ungozoma kamar ta kwaɗa masa mari.

Abin yana da tushe, ba zan ci haƙƙinsa ba. Lokacin da yake koyon aiki an ɗaga wata mota da jak, ya tambaya ko an sa mata kariya, wani ya ce an sa. Ya zura hannu, motar ta sauko ta tafi da rabin ɗan yatsansa. Tun daga nan maganar baki ta daina shiga kunnen Yaya. Galan ɗin mai ko da hatiminsa sai ya shinshina. Sabon kaya a cikin kwali sai ya juya shi a rana kamar mai duba ƙwai. Abinci ma in na kai masa, ni ƙanwarsa, sai ya tona da cokali ya leƙa ƙasan kwano. Na sha ce masa, "Yaya, in guba zan ba ka ai tun muna yara zan ba ka, lokacin da kake cinye min rabona."

"Auta," in ji shi, "ban ce kin sa ba. Dubawa nake."

To wannan mutumin Allah ya haɗa da maigidana a matsayin suruki. Maigidana direba ne, mutum mai sanyi kamar ruwan randa, in ka taka shi shi zai ba ka haƙuri. Yaya bai taɓa yarda da shi ba, don a ganinsa duk mai shiru akwai abin da ya ɓoye. Ko "suruki" ba ya ce masa, "Direba" kawai. Da wani mai sayar da yashi da tsakuwa yake neman wanda zai tuƙa masa tsohuwar tifarsa, ya zo ya tambayi Yaya halin mijina. Kun san shaidar da yayana ya bayar? Cewa ya yi, "Ban kama shi da komai ba tukuna." Mai Mota ya san in Sai-Na-Gani ya faɗi haka to ya yi yabo mai yawa, ya miƙa makulli.

Ranar nan Yaya ya tsare maigidana a gindin motar ya yi masa huɗubar da yake yi wa kowane direba. Kada ka yarda da mai faci, kada ka yarda da mai gadi, kada ka yarda da mai sayar da baƙin mai ko da ya rantse, duk man da za ka zuba ka tace shi. Direbobi sun saba, da sun ce "to" sai su watsar kafin su fita daga gareji. Ni ma ina tsaye ina hamma, ban ɗauki maganar da wani nauyi ba.

Shekaru suka yi ta tafiya, tifar nan ita ke ci da mu, ita ta sa yara a makaranta. Ni ɗinki nake yi a gida, kuma duk guntayen ƙyallen da suka rage ina tara wa maigidana a leda, don direba ba ya rabuwa da tsumma. Motar ta tsufa, ƙofarta da waya ake ɗaurewa, amma yana shafa ta kamar jaririya.

Sai ga shi wata rana ya dawo gida da tsakar rana, a ƙafa, fuskar nan kamar an yi masa mutuwa. Wai yana hawa gangare da lodin yashi, sai allurar agogon mai ta faɗi ƙasa warwas. Agogon nan shi ke nuna ƙarfin da baƙin mai ke zagaya inji da shi, in ya faɗi aka ci gaba da tafiya, inji ya ƙone. Nan take ya kashe motar a gefen hanya, ya ƙi motsa ta. Mai Mota ya zo da wani bakaniken bakin titi, wanda ya ɗan saurara ya ce ai metal ya cinye, wato ƴan ƙarafan nan masu santsi da ƙarfen tsakiyar inji ke juyawa a kansu. Ya ƙara da cewa metal ba ya cinyewa haka kawai sai in an bar inji da ruɓaɓɓen mai.

Ai kuwa Mai Mota ya kama. Shi ke sayo sabon mai ya ba mijina ya canza da kansa, don haka ya yanke cewa sayarwa yake yi ya bar tsohon a ciki. Ya karɓe makulli a gaban masu lodi. Ya ce za a ja motar zuwa wurin Sai-Na-Gani, in ya tabbatar da maganar, to ba makullin kaɗai ba, duk inda ake ɗiban yashi sai an ji cewa direban nan ɓarawon mai ne. Wa zai sake ba shi ko amalanke?

Na zari mayafi na nufi gareji raina a ɓace. Na tarar an riga an jawo ta, Yaya na zagaya ta hannu a baya.

"Yaya, ka san dai mijina ba ɓarawo ba ne."

"Ban sani ba," ya ce, ko kallona bai yi ba.

"Shekara nawa kana ganinsa?"

"Ganinsa nake, ba cikin aljihunsa ba. Matsa min, Auta, kin tare haske."

Wallahi da ba yayana ba ne da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Na koma kan wani tsohon kushin na mota da suka jingina da bango na zauna ina huci. Mai Mota na gefe a kan kujerar roba yana kaɗa makullin a yatsa. Maigidana kuwa ya rakuɓe kusa da tayar baya, kansa a ƙasa, wanda hakan ya ƙara ba ni haushi, don mai gaskiya ai ɗaga kai yake yi.

Yaya yana da tsarinsa. Ya ce komai a jikin mota maƙaryaci ne har sai an kama shi da gaskiya, kuma wanda ya kawo labari shi ake fara tuhuma. Don haka bai taɓa injin ba, agogon ya fara zargi. Ya kwance ɗan abin da ke aika wa agogo saƙo daga jikin inji, ya ɗauko nasa agogon daga cikin wani akwatin katako da ba ya bari kowa ya taɓa, mai doguwar tiyo, ya ɗaura a gurbin. Na yi ta addu'a a raina Allah ya sa agogon motar ne ya haukace. Aka tayar, aka bari ta yi zafi, aka taka totur. Allurar Yaya ma ta faɗi. Gabana ya faɗi tare da ita.

"Ka gani ko?" in ji Mai Mota.

"Na ga agogo bai yi ƙarya ba, Yallaɓai. Shi kaɗai na sallama."

Ya kashe motar, ya zaro sandar awon mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Mai yana daidai inda ya kamata. Mai Mota ya ce ai ƙarawa ya yi don ya rufe asirinsa. Yaya ya lakato na jikin sandar. Ya murza man tsakanin yatsunsa, har da guntun, ya kai hanci, ya ɗiga a kan kwali ya kai rana ya tsuguna yana kallon yadda yake bazuwa. Ya ce bai tsinke ba, gas bai shiga ciki ba, ruwa ma babu. Sai ya juya ga mijina da irin kallon nan nasa.

"Direba, yaushe ka canza?"

"Bai daɗe ba, Yaya."

"Ina tsohon man?"

"Na ba masu bulo, suna shafa wa abin bugu."

"Waɗanne masu bulo?"

Kun yarda mutumin nan ya hau babur ya tafi wurin masu bulo? Ya bar mu zaune kamar marasa aikin yi. Ya dawo da ɗan baƙin mai a murfin kwalba, ya ajiye kusa da wancan kwalin yana gwada shi da na cikin motar. Na ce masa, "Saura ka je ka tambayi rijiyar da aka haƙo shi." Ya ce in da kusa take da ya je.

Daga nan ya kwance filta, ya yanka ta da zarto, ya warware takardar cikinta ya shimfiɗa a rana. In metal na cinyewa, in ji shi, yakan zubar da ɗan gari mai ƙyalli, kuma a nan yake maƙalewa. Ya bi takardar nan lungu-lungu da idonsa kamar mai tsintar ƙwarƙwata. Babu ƙyalli ko ɗaya. Na fara jin sanyi a raina, amma Mai Mota ya ce ai ɗan bakin titi ya ji ƙarar da kunnensa.

"Kunnensa ne, ba nawa ba," in ji Yaya.

Ya sa sabuwar filta, ya ce wa mijina ya hau ya tayar. Wannan karon ya tsura wa allurar ido ya hana kowa magana. Motar na gurnani a tsaye, allura ta tsaya lafiya lau. Ya ce a taka. Ta ɗan hau, sai ta yi rawa, sai ta zube. Ya ce a kashe. Aka jira kaɗan aka sake tayarwa, allura ta koma gurbinta kamar ba ita ba. Suka yi ta maimaitawa har na fara jin jiri saboda hayaƙi.

"Yallaɓai," in ji Yaya, "injin da metal ɗinsa ya cinye, in ya yi zafi a tsaye yake kasawa, in an taka ya ɗan farfaɗo. Wannan akasin haka take yi. Famfon mai na neman ya sha, wani abu na rufe masa baki. In an kashe ya saki, in an taka ya sake mannewa."

Nan na gane, don ai haka magudanar wanke-wankena take yi in leda ta faɗa ciki. Yaya ya ce sai an sauke kaskon ƙasan injin, inda mai ke taruwa, amma sai ya huce, a dawo da safe.

Washegari na ce ba zan je wa Mai Mota a wulaƙance ba, kada ya ɗauka roƙo muka zo. Na ɗauko sabuwar rigata da na ɗinka wa kaina kwanan baya, koriyar atamfa mai zanen kifaye ruwan ɗorawa, na ɗaura ɗankwalinta, na zuba wa Yaya abinci a kula na tafi ina taƙama.

Na tarar ya tsiyaye man, yana kwance a ƙarƙashin motar a kan kwali, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Sai da ya sa hannu ya girgiza kowace kariya kafin ya shiga, mijina ya gaya min. Aka sauke kaskon. Can muka ji ya ce, "A'aha." Ya fito a hankali riƙe da wata ƴar rariya, wadda famfo ke zuƙo mai ta cikinta, ga wani baƙin abu ya manne a fuskarta shame-shame. Ya ɓamɓare shi, ya jefa a kwanon fetur, ya cuɗa, ya matse, ya ɗaga sama.

Ƙyalle ne. Kore. Da rabin kifi ruwan ɗorawa.

Jama'a, ban taɓa son ƙasa ta tsage in shige ba irin ranar. Mai Mota ya dubi ƙyallen, ya dubi rigata, ya dubi ɗankwalina. Bakaniken da ke aiki a rumfar gefe ma ya ajiye sifana ya leƙo. Ga ni tsaye da kifaye tun daga wuya har ƙasa.

"To, to, to!" in ji Mai Mota, ya miƙe. "Ashe abin na gida ne. Mata ta kawo tsumma, miji ya cusa, yaya ya ce inji ya mutu, in sayar muku da motata a matsayin ƙarfen banza. Dangi ɗaya, baki ɗaya!"

Na buɗe baki zan wanke shi tas, Yaya ya ɗaga min guntun yatsansa, na haɗiye. Amma na ga fuskarsa ta canza. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zargin mutane, yau shi ake nunawa da yatsa a cikin garejinsa. Ya juya ga mijina, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Direba, yaya aka yi wannan ya shiga injin?"

Maigidana ya dubi Yaya, ya dubi Mai Mota, ya sunkuyar da kai. Na ce, "Baban yara, yi magana mana, don Allah!" Ko motsi bai yi ba. A lokacin, ba zan ɓoye ba, har ni sai da zuciyata ta raya min wani abu, na tsorata ƙwarai.

Yaya ba ya jiran amsar baki dama. Ya kwance wayar ƙofa ya haye gaban motar, muna jin yana birkita bayan kujera. Ya sauko da ledar ƙyallayena a hannu ɗaya, da mazurarin zuba mai a ɗayan. A cikin maƙogwaron mazurarin an cusa wani guntun ƙyalle, ya jiƙe da mai. Ya zaro shi, ya ɗora kusa da koren. Dukansu da zagayayyen tabo iri ɗaya a tsakiya, daidai faɗin bakin mazurari. Ya daɗe yana kallonsu.

"Tacewa kake yi?"

"Eh, Yaya."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka ce."

"Kowane galan?"

"Kowane. Wancan karon na gama zubawa ban ga ƙyallen ba, na ɗauka iska ce ta ɗauke."

"To me ya hana ka faɗa da na tambaye ka?"

Maigidana ya ɗan saci kallon Mai Mota, ya ce a hankali, "Kada a ce kai ka sa."

Ni dai na san Yaya tun ina goye, ban taɓa ganin ya rasa inda zai sa idonsa ba sai ranar. Huɗubar nan ya yi wa direbobin da ba su ƙirguwa, shi kansa ya san ba mai bi. Shi da rariyar waya yake tace nasa, bai taɓa tunanin ya faɗi da me za a tace ba. Mutum ɗaya tak a duniya ya ɗauki maganarsa ya riƙe shekara da shekaru, kuma shi ne wanda ko suruki bai taɓa ce masa ba. Ga shi ana shirin ƙwace masa abinci da suna, ya zaɓi ya yi shiru don kada a taɓa sunan Yaya.

Ya ja Mai Mota har ƙarƙashin motar, da fararen kayansa da komai, ya haska masa cikin injin da tocila. Ya ce ya duba da idonsa, babu dattin da tsohon mai ke bari, injin da ake cuta ba ya zama haka. Ya kwance metal ɗaya ya sa masa a tafin hannu, sumul. Ya ce tacewar shi ya ba da umarni, kuma da direban ya ƙara tafiya kaɗan bayan allura ta faɗi, da yanzu maganar sabon inji ake yi.

Mai Mota ya fito yana kakkaɓe gwiwa, kunya ta ɗan kama shi amma bai saki makullin ba. Ya ce shi dai sai ya ga allura ta tsaya.

Yaya ya wanke rariyar, ya mayar da komai, ya zuba mai. Sai na ga ya kwance agogonsa, ya naɗe tiyon, ya sa a akwati ya rufe, ya mayar da na motar. Ya karɓi makulli daga hannun Mai Mota ya miƙa wa mijina. Sannan ya tafi can bakin rumfa inda bokitin ruwa yake, ya tsuguna ya juya wa motar baya, ya fara wanke hannu da omo.

Motar ta tashi. Aka bari ta yi zafi.

"Allura fa?" ya ɗaga murya, bai waiwayo ba.

"Ta tsaya, Yaya."

"Taka."

Injin ya yi ruri har kwanon rumfa na karkarwa.

"Ta hau, Yaya. Ba ta sauka."

"To shi ke nan. Yallaɓai, motarka ta warke."

Mai Mota ya tsaya baki buɗe. "Malam, ba za ka je ka duba ba?"

"Surukina ya ce ta tsaya," in ji Yaya, ya ci gaba da cuɗa hannunsa.

Bakaniken rumfar gefe ya ce, "La ilaha illallahu!" da ƙarfi, ya dafe kai. Ni kuwa kuka ya ƙwace min, na zauna a kan kushin ɗin nan ina share hawaye da ɗankwalin kifaye, ban damu da wa ke kallo ba. Daɗi ne ya kama ni, da tausayin su biyun. Na hango maigidana a gaban mota yana ta goge gilashin da ba abin da ya same shi, ya ƙi saukowa. Mai Mota ya haura ya leƙa allurar da kansa, ya sauko, bai sake maganar makulli ba.

Da Yaya ya gama wanke hannu ya jawo kular da na kawo, ya buɗe, ya sa cokali ya tona har ƙasa, ya shinshina, sannan ya fara ci.